Hajjo da Tsohon Injinta

A Bobiyel, wata unguwa a gefen Yamai, can inda gidaje suke fara tazara da juna kafin a shiga gonaki, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Babu allo a bakinsa, babu suna, amma ɗaliban jami'a sun san hanyarsa, haka ma malaman lakkol, wato makarantar boko, da masu neman aiki. Gidan Hajjo ne mai buga takardu. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ina amarya, saboda haka labarin nan wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni muna tsintar shinkafa ko muna jiran famfo ya kawo ruwa.

An haifi Hajjo a wani ƙauye na ƙasar Buza, a jihar Tawa. Ita kaɗai aka sa lakkol a gidansu, ba don ubansu yana so ba. An ce ne kowane gida ya ba da ɗa guda, shi kuwa bai iya rabuwa da wanta Illo, wanda ke bin shanu. A shekarar babban farin nan da sojoji suka fara karɓe mulkin ƙasa, tana 'yar budurwa, aka turo ta Yamai wurin gwaggonta don a rage baki a gida. Ba ta sake komawa da zama ba. Gwaggon ta kai ta wurin wata mata 'yar Dahome da ke koya wa 'yan mata buga takardu da injin ƙarfe irin na da, mai kaɗa ƙararrawa idan layi ya ƙare. Hannunta ya faɗa da wuri. Kafin ta yi aure har an ɗauke ta aiki a wata ma'aikatar gwamnati a unguwar Filato.

Ta yi shekara ashirin da 'yan kai a can, a teburi ɗaya kusa da taga. Ministoci suka zo suka wuce, masu kaki da masu manyan riguna. Ta ce a wurinta duk ɗaya ne, kowa ya zo gaggawa yake yi, kuma kowa rubutun hannunsa kamar tafiyar tsutsa. Da ordinatar, wato kwamfuta, ya shigo ma'aikatu aka tura su koyo. Wasu abokan aikinta suka ji tsoronsa, ita kuwa ta ga ai haruffan suna nan inda ta san su, goge kuskure ne kawai ya yi sauƙi. A ma'aikatar ta haɗu da Abdulaye, direba mutumin Madawa, mai sanyin magana. Suka haifi 'ya'ya uku. Maza biyun sun kama gabansu, ɗaya a Agadas, ɗaya a Kwatano, kowa yana fama da kansa. Auta, Salamatu, ita ce a gida, tana karatun aikin jinya.

Lokacin da gwamnati ta ce duk ma'aikacin da ke son ajiye aiki za a ba shi wani abu ya tafi, Hajjo ta karɓa. Da shi suka sayi filin Bobiyel tun wurin yana jeji. Ta koma buga takardu a shagon wani ɗan kasuwa a hayin gada, kusa da jami'a. Mai shago ya ɗauki kashi mai tsoka, ita ta dawo gida da ciwon baya. Wata rana Abdulaye ya shigo da wani abu naɗe a tawul. A lokacin yana tuƙi ne a wani piroje, wato shirin taimakon manoma, piroje ɗin ya yi gwanjon tsofaffin kayan biro, wato na ofis, shi ne ya sayo mata ordinatar na hannu, irin wanda ake rufewa kamar akwati. Tun a ranar ba sabo ba ne. Nauyi gare shi kamar bulo, gefensa ɗaya ya tsage. Hajjo ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, ta daina tsallaka gada. Masu aiki suka riƙa biyo ta gida, ta buga musu, ta zuba musu a 'yar kile, ƙaramar ma'ajiyar aikin da suka zo da ita, su je su fitar a takarda a wani wuri. Haka injin ya yi shekaru yana tallafa wa albashin Abdulaye.

Daminar 2009 ta yi gardama. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri. A ƙarshen shekara kuma rigimar siyasa ta sa masu ba da taimako suka janye hannu, piroje ɗin Abdulaye ya rufe, aka karɓi makullin mota. Ya dawo gida ya zauna ƙarƙashin dogon-yaro da rediyonsa.

Ranar wata Alhamis cikin Fabrairun 2010, da tsakar rana, aka yi ta harbi wajen fadar shugaban ƙasa. Mu a Bobiyel ba mu ji da ƙarfi ba, kamar ana kakkaɓe tabarma ne a nesa. Rediyon Abdulaye ya koma kiɗan soja. Hajjo tana buga wa wani ɗalibi kundin kammala karatunsa. Ta tsaya ta saurara, ta ce wannan shi ne na huɗu a idonta, ta mai da kai kan aiki, don ɗalibin ranar Asabar zai zo karɓa. Abin da ya canja a kunnenmu bayan haka shi ne rediyo ya fara faɗin kalmar yunwa kai tsaye, wadda a da ake ta kewaye ta.

Da zafi ya kankama Illo ya iso. Motar Tawa ta sauke shi da matarsa Tabawa, da surukarsu da ƙananan jikoki, da tukunya da tabarmi. Dattijo ne dogo, wanda a ƙauyensu ba a yanke magana sai ya zo. Hajjo ta bari suka sha ruwa suka huta, sannan ta tambaye shi.

"Yaya, ina shanun?"

"Masu iya tafiya na tura su kudu tare da ɗana. Na sayar wa mahauta da wasu, kuɗin saniya bai kai na akuya ba." Ya buɗe tafin hannunsa ya duba. "Sauran suna can inda suka kwanta."

Ɗakin da take aiki ta ba su, ta fito da teburinta baranda, inda rana ke dukan kwano tun hantsi. Tukunyar gidan ta ninka, mai nema kuwa ita kaɗai ce.

Injin dama ya daɗe yana ja da baya. In ta kunna shi da safe, sai ta je ta dama koko ta dawo kafin ya gama farkawa. Batirinsa ya mutu tun shekarar da ta wuce, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa shi ma ya ɗauke, kuma kowa ya san halin kuran a Yamai a watannin zafi. Ɗalibai sun fara kawo ayyuka masu hotuna da zane-zane waɗanda aka tsara da sababbin injuna, nata ya yi ta nishi kafin ya buɗe su. Ta saba da shi yadda ake sabawa da tsohon gida, ka yi masa magana ka jira.

Ana cikin haka Madam Haoua ta zo. Tsohuwar abokiyar aikinta ce a Filato, ƙanwar bayanta, wadda ta koma wata ƙungiyar agaji. Ta kawo ɗaurin rahotanni da ma'aikatansu suka rubuta da hannu a ƙauyukan da suka zagaya, da hotuna cikin kile. Ana so a buga su, a jera hotunan a wurarensu, a aika wa masu yanke shawarar inda za a fara kai abinci. Duk mako za a kawo wani ɗaurin. Hajjo ba ta taɓa samun aiki mai tsawo irin wannan ba tun da ta bar ma'aikata.

Hotunan ne suka kayar da injin. Da ta sa biyu ko uku a shafi, sai ya tsaya cik. Ta danna harafi, ta zauna tana kallon allo kafin ya fito. Wata rana bayan azahar, ta buga aikin tun safe, ta danna a adana, injin ya shiga tunaninsa. Yana cikin tunanin kuran ya ɗauke. Na leƙa ta katanga don in ari rariya, na gan ta zaune gaban baƙin allo, hannuwanta a cinya, zufa na bin wuyanta. Da kuran ya dawo wajen la'asar ta kunna, aikin yini babu shi.

Madam Haoua ta zo washegari ta tarar ba a kai rabi ba. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana juya makullin motarta.

"Yaya Hajjo, ni ba na son in kai aikin nan wani wuri. Amma na sama da ni ba sa jira."

"Na sani."

"Ko injin ne?"

"Shi ne. Ki ba ni zuwa makon gobe, in ban gyara ba ni da kaina zan kawo miki takardunki."

Bayan magariba aka yi maganar a tsakar gida. Salamatu ta ce, "Inna, wannan ya gama nasa. A nemi wani ko na hannu ne." Hajjo ta tambaye ta da me za a saya. Abdulaye ya rage muryar rediyo ya ce shi a ganinsa batiri ne maganin abin. "Mota duk kyanta in babu batiri ai gunki ce. Da yana da batiri da aikin jiya bai tafi ba." Illo yana gefe a kan buzunsa, bai sa baki ba. Tun zuwansa ba ya sa baki a abin da ya shafi kuɗin gidan, kuma yakan tsame hannu daga kwano da wuri ya ce ya ƙoshi. Kullum da safe yakan fita, ya ce zai je tasha wurin mutanen Tawa ya ji labarin gida. Wani lokaci ya dawo da tiyar hatsi a bakin rigarsa, ya ce wani ɗan garinsu ne ya ba shi.

A watan nan kwasar adashi ta zo kan Hajjo. Hatsi ta yi niyyar saye da ita, buhu biyu, su kai gidan zuwa faɗuwar ruwa. Ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta sa injin a jaka, ta shiga motar haya ta faba-faba zuwa kasuwar Katako, wurin wani mai gyara da wani ɗalibi ya taɓa kwatanta mata.

Sunansa Mumuni, Bazabarme ne mai kimanin shekara arba'in, idanunsa jajaye saboda duban ƙananan abubuwa. Rumfarsa ta langa-langa tana bayan masu katako, tsakanin mai tsofaffin fankoki da mai sayar da ƙusa. Gawarwakin injuna ne jibge har rufi. Ya gaishe ta da Zabarmanci, "Fofo, Tanti," ya share mata benci, ya kifa injin ya kwance cikinsa. Ya kunna shi, ya kara kunne a jikinsa ya saurara.

"Tanti, tsufa ne. Babu abin da ya lalace sai batiri."

Ta tambayi kuɗin wani injin na hannu, irin waɗanda ake kawowa ta Kwatano. Bai gama faɗa ba ta ɗaga masa hannu. Ya ce to, a yi maganar wannan. Batirinsa na asali ba a samunsa yanzu, sai na kwaikwayo, kuɗinsa ya fi na buhun hatsi, kuma a zafin nan in ya yi shekara an gode. Ya nuna mata wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya ce shi ne diski, inda duk aikinta yake kwance. Ya tsufa amma yana da sauran kwana, sai dai ba zai rantse ba. Sannan ya zaro wani ɗan koren abu siriri, tsawon yatsa.

"Wannan ita ce baret. Diski rumbu ne, ita kuwa tabarmar shanya ce. Taki 'yar ƙarama ce. Duk abin da za ki taɓa sai an ɗebo daga rumbu an shanya, in tabarma ta cika sai an kwashe wani an mayar kafin a ɗebo wani. Shi ne jiran da kike yi. Akwai gurbin ta biyu a nan, babu komai a ciki. In na sa miki babba ta hannu, ba za ta kai rabin kuɗin buhu ba."

"In kai ne wanne za ka sa?"

"Ba ni ke zama gabansa ba, Tanti. Wanne ya fi ci miki lokaci, ɗaukewar kuran ko jiransa?"

Hajjo ta auna abin a ranta. Jiran ya fi yawa, ta sani. Kuma in kuran ya tafi yakan yi rabin yini, batirin kwaikwayo ba zai riƙe ta ba sai ɗan lokaci. Amma baƙin allon ranar nan bai bar idonta ba, kuma maigidanta batiri ya ce. Zuciyarta ta fi karkata can, ko da abin da zai rage ba zai kai buhu ɗaya ba. Ta ce masa bari ta nemo ruwa ta sha ta dawo.

Ta bi layin masu katako tana neman mai ruwan leda. A gabanta ana loda wa wata mota dogayen katakai, mutum biyu-biyu suna ɗauka a ka. Na bayan dogo ne, ya yi gammo da rawaninsa. Mai kayan, wanda bai kai ɗanta na fari ba, yana cewa, "Tsoho, a ɗaga ƙafa." Tun kafin ya juyo ta gane rigar, don ita ta wanke ta shekaranjiya.

Illo ya gan ta. Bai saki katakon ba sai da ya kai shi mota. Sannan ya warware rawanin, ya kakkaɓe, ya tako zuwa inda take.

"Hajjo, me ya kawo ki nan?"

"Injin na kawo, Yaya."

"Me suka ce?"

"Sun ce tsufa ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Garin katako ya manne a gemunsa, fatar wuyansa ta saɓule a gefe ɗaya. Ta so ta ce masa ya bari, ta ga babu bakin faɗa. Wanta ne, kuma tiyar da yake kawowa tana shiga tukunya.

"Tabawa ba ta sani ba," in ji shi.

"Ba za ta ji a bakina ba."

Ya gyaɗa kai, ya sake naɗe rawanin ya koma. Hajjo ta manta da ruwan. Ta dawo rumfar Mumuni ta ce ya sa baret ɗin. Da sauran kuɗin ta sayi hatsi buhu ɗaya da 'yan tiyoyi a can ɗaya gefen kasuwar, ta nemi mai amalanken da ba ta sani ba ya kai mata bakin titi.

Da ta iso gida Abdulaye ya tambaye ta batirin. Ta ce ba ta saya ba. Ya dubi buhun da ake shigowa da shi, ya dube ta, ya ce Allah ya sa albarka.

Da yammar nan injin ya tashi kamar an canja shi. Amma washegari, rana na take tsaka, allon ya koma shuɗi, ya mutu, ya sake tashi da kansa. Ta fara aiki, ya sake. Ta mai da shi jaka ta koma Katako, ta tarar da rumfar a rufe. Mai ƙusa ya ce an yi wa Mumuni rasuwa ya tafi ƙauyensu wajen Doso. Ta dawo da injin a kafaɗa, ta zauna ta rubuta wa Madam Haoua saƙo a salula ta goge, ba ta aika ba. Sai bayan kwana biyu Mumuni ya dawo, ta kai masa injin. Ya cire baret ɗin ya juya ta a hannu.

"Kayan hannu ke nan, Tanti, sai an gwada. Wannan zafi ne ba ta so."

Ya shiga tonon gawarwakinsa har ya samo wata. A wannan karon bai bar ta ta tafi ba. Ya kwance fankar injin ya ciro wani dunƙulen datti kamar audugar katifa, ya mayar, ya buɗe hotuna da yawa a lokaci guda, ya ajiye injin inda ya fi zafi a rumfar. Suka zauna suna kallonsa tun hantsi har aka kira azahar. Shi yana gyangyaɗin gajiyar hanya, ita tana fifita da kwali. Injin bai mutu ba. Mumuni bai ƙara karɓar komai ba. A duk zuwan nan Hajjo ba ta sake bi ta layin masu katako ba, takan zagaya ta wajen masu buhuna ko da ya fi nisa.

Ta cika wa Madam Haoua alkawari da ƙyar, aikin ya zauna a hannunta. Ta ɗora injin a kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinsa. Ta koya wa hannunta na hagu danna adanawa a ƙarshen kowane sakin layi, har ya zama ba ta san tana yi ba, kuma yanzu kafin ta ɗaga yatsa ya adana. In kuran ya ɗauke, layi biyu ko uku ne suke tafiya. Sai ta rufe injin ta kwanta a tabarma nan ƙarƙashin teburin. Abdulaye ya zama mai gadin ƙwan lantarki. Yana zaune da rediyonsa yana duban ƙwan baranda, da ya kawo sai ya ce, "Ya dawo," ta tashi.

Abin da ba ta zata ba shi ne hannuwanta. A da, duk jiran da injin ke sa ta, yatsunta hutawa suke yi ba ta sani ba. Yanzu shi ke jiranta. Kafin wata ya zagayo wuyan hannunta ya kumbura, da safe sai ta jiƙa yatsun a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Tabawa ce ke shafa mata man kaɗanya da yamma, tana ba ta labarin yadda mutanen Tawa na tasha suke da kirki ga Illo. Hajjo ta ce ai haka ne.

Rahotannin kansu ba su da daɗin bugawa. Rijiyar da ta ƙafe, garin da maza suka watse, mata masu tonon gidan tururuwa, yara masu gudawa. Ta ce da farko takan tsaya ta karanta, daga baya ta koma yadda take yi a ma'aikata, ido ya ɗauka yatsa ya ajiye, ba sai ya bi ta zuciya ba. Wata Juma'a da babu aiki a kasuwa da rana, Illo ya zo ya tsaya bayanta, abin da bai taɓa yi ba. A allon akwai hoton wata farar saniya tsaye kusa da busasshen tafki, ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

"Ina ne nan?"

Ta duba ta faɗa masa sunan garin. Tafiyar yini ce daga ƙauyensu.

"Na san tafkin." Ya matso ya ƙura wa saniyar ido. "Dubi yadda ta buɗe ƙafafun baya. Wannan ba ta kwana biyu ba bayan hoton." Ya ɗago ya dube ta. "Waɗanda ake aika wa, suna karantawa?"

"An ce suna karantawa, Yaya."

Ya ce to, ya koma buzunsa.

Ruwa ya sauka a ƙarshen Yuni. Illo ya sayi iri da abin da ya tara, ya hau motar Tawa shi kaɗai, ya bar matan da yaran sai an ga yadda damina za ta yi. Daminar ta yi kyau, har ta wuce kyau, don a Agusta kogi ya cika ya shiga gidajen mutanen bakin ruwa, rahotannin Madam Haoua suka koma na ambaliya. Daga shanun da aka tura kudu kaɗan ne suka dawo, waɗansu ruwan farko ne ma ya ƙarasa su, saboda babu ƙarfin tashi daga laka. Da kaka ta yi Illo ya aiko a kai masa iyalinsa. Ranar da suka tafi Hajjo ta share ɗakin, ni da Salamatu muka taya ta mai da teburin ciki. Wani ɗalibi ya yi sallama da kundinsa a hannu, ta ce masa ya dawo jibi.

Sojojin sun yi zaɓe sun miƙa mulki a shekarar da ta biyo. Abdulaye ya sami taksin wani yana ja da rana, don idonsa ba ya son fitilun dare. Batirin ba a taɓa sayensa ba, duk lokacin da kuɗinsa ya taru sai wani abu ya riga shi. Injin ya ƙara shekara uku yana aiki, har wata safiya diskin ya yi ƙara ya ƙi tashi. A lokacin Salamatu ta fara aiki a asibiti, ta ce za ta saya mata wani. Hajjo ta nuna mata yatsunta ta ce ta saya mata firiji.

Yanzu ƙanƙara take sayarwa da ruwan bisap, wato zoɓo, a leda. Illo yana ƙauye, yana noman albasa a fadama da rani, yana da 'yan awaki, bai sake tara shanu ba. Har yau wani lokaci wani ya ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar da takardu a hannu, wanda wansa ko malaminsa ya kwatanta masa gidan. Hajjo takan karɓi takardun ta duba shafin farko, ta gaya masa inda ya yi kuskuren rubutu, sannan ta kwatanta masa shagon wata yarinya a bakin titi.